Ƙanwata, kar ki yi bidiyon wanke kai

Wallahi ƙanwata da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na sha ruwa. Kin ce an yanko maganarki an yaɗa, yau kwana huɗu ana zaginki, kina tambaya ko ki fito ki yi bidiyo ki wanke kanki ko ki goge shafin ki huta. Ni na yi bidiyon, kuma har gobe ina da-na-sani.

Nawa ya faru ne a 2022, bayan ƙaramar salla. Turaren wuta da humra nake sayarwa, in na gama tallar kaya nakan ɗan taɓa hira da masu kallo. Ran nan na yi magana kusan minti biyar a kan mazan da ke sakin mace su bar mata yara, ko kwanon masara ba sa aikowa. Da yabon masu riƙe amana ma na fara, har Babanmu na kawo misali. Sai wata da muke zumunci, wadda ranar da ta haihu ni na kwana da ita a asibiti, ta yanko daƙiƙa ashirin daga tsakiya ta tura wa wani mai shafin gulma. Shi kuma ya rubuta wai ga matar da ke hure wa 'yan mata kunne kar su yi aure. Ba zato nake ba, ita ce. Tana cikin naɗar bidiyon daga fuskar wayarta saƙon mijinta ya faɗo daga sama da sunansa ƙarara, ko lura ba ta yi ba. Bayan wata biyu muka haɗu a gidan biki, ta rungume ni, har tana tambayata nawa kwalbar humra yanzu. Ban san inda na samo haƙurin ranar ba. Har yau in na ji irin turaren da ta sa, zuciyata tashi take.

Zagin bai kai min ranar da Baba ya dawo daga sallar isha'i ba. Wani yaro ne ya nuna masa a ƙofar masallaci. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a kan tabarma, aka kawo tuwo ya ce a mayar. Washegari 'yata ta dawo daga islamiyya ta ce ba za ta sake zuwa ba.

Shi ne na yi bidiyon bayani, minti bakwai, ina kuka. Waɗanda suka kalle shi ko rabin rabin masu kallon guntun ba su kai ba, sannan aka yanko inda nake kukan aka ɗora masa kiɗa. Ƙanena mai karatun kwamfuta ne ya zaunar da ni ya ce, Yaya, abin da ke zaɓa wa mutane abin da za su gani, algorizim ɗin nan, bai san gaskiya ba bai san ƙarya ba, lissafi kawai yake: wa ya tsaya, wa ya yi sharhi, wa ya tura. Ya ba ni labarin takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021, da suka nuna cewa daga 2017 an ba alamar fushi da 'yan uwanta maki ninki biyar na alamar babban yatsa. Kin ga kenan har masoyanki da ke shiga suna rama miki, itace suke ƙara wa wutar. Ki roƙe su su yi shiru.

Kai ƙara ga masu manhajar kuwa, na kai har na gaji. Amsa ɗaya ce ke zuwa da Turanci, wai ba su ga an karya ƙa'ida ba, alhali an kira ni sunan da ba zan iya rubutawa a nan ba. Ranar da na fusata na rama da kalma ɗaya ta Turanci, ni aka rufe wa baki mako guda. Ashar ɗin Hausa ba ya shiga kunnensu.

Kar ki rama, don Allah. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana da sashe na 24 kan cin zarafi da barazana ta intanet, an yi masa gyara a 2024 amma ba a daina kama mutane da shi ba, kuma mai ƙarfi ne ya fi iya ɗaga shi. A watan Nuwamban shekarar da nake cikin nawa bala'in aka kama wani ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse kan rubutu a kan matar shugaban ƙasa na lokacin, a Kano kuma kotu ta sa aka yi wa samari biyu bulala ashirin-ashirin kan bidiyon TikTok da suka yi wa gwamna shaguɓe. Ni da na je ofis da hujjojina a hannu, cewa aka yi in je mu sasanta a gida. Duk da haka ki ɗauki hoton kowace barazana da kwanan watanta, musamman in wani ya ambaci unguwarku. In abin ya kai can, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA na taimaka wa mata.

Goge shafi kuma a'a, in kin goge cewa za su yi kin amsa laifi, ga cikakken bidiyonki ya tafi. Ki rufe wajen sharhi, ki miƙa wa yayarki wayar na kwana goma. Nawa kusan mako uku ya yi, sai wata rigimar 'yan fim ta taso suka koma can kamar ƙuda.

Su sun manta, ni ce ban manta ba. Yanzu hannuna da kwalba kawai nake nunawa. Sai in rubuta abu in karanta in goge, ba wanda ya hana ni, ni nake hana kaina. Wannan amsar ma sau uku ina gogewa.

Mamanki ta sani kuwa? In ba ta sani ba ki faɗa mata da bakinki yau kafin magariba, ki nuna mata bidiyon tun daga sallama har ƙarshe, kar wani yaro ya riga ki.