Ka aika mujallu 60 Amurka, ba ka san abin da ke cikinsu ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekara goma sha ɗaya ina sayar da littattafan gwanjo da na makaranta. A bara na ɗauki kaya daga wata kwantena, sai na tarar da kwali biyu na tsohuwar mujallar yara ta Amurka mai suna Sports Illustrated for Kids, guda 140, na shekarun 1990. A tsakiyar wasunsu akwai katuna masu hotunan 'yan wasa. Yarona na shago ya nuna min a waya cewa an taɓa sayar da irin wannan kati na 'yar wasan tenis Serena Williams sama da dala dubu ɗari. Na ba wani matafiyi guda 60 ya kai wa ɗan yayata da ke New York ya sayar mana. Yau wata bakwai, dala 300 ya turo min, ya ce sauran ana kan aiki. Yanzu ya ce in turo naira miliyan huɗu ya ƙara sayen wasu a kasuwar intanet ta eBay, mu raba riba. Ina da fili a bayan gari. In sayar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayar da filin. Wannan ta wuce, kuma ba ita ta fi damuna a wasiƙarka ba.

Na karanta ta sau uku ina neman jimla ɗaya da za ta ce ka rubuta abin da ka aika. Babu. Ka ce guda 60. To na wane wata? Na wace shekara? Nawa ne a ciki katunansu ke nan cif, nawa ne yara suka riga suka yage tun shekara talatin da suka wuce? Ko kai, ko ɗan yayarka, ko matafiyin da ya ɗauki kayan, babu wanda zai iya dafa takarda ya ce ga abin da ya bar Kano. Kai da ba za ka bar yaron shago ya fita da kwali ɗaya na littafin lissafi ba tare da ka shigar a littafi ba, ka ɗauki kayan da kake zaton na miliyoyi ne ka tura ƙetare da baki kawai.

A wannan sana'ar kuwa rubutun shi ne rabin kayan. Mujallar ta fara fita a 1989, kuma a tsakiyar kowace akan saka takarda mai kauri mai kati tara, an huda layin yagewa a tsakaninsu. Mujalla ce da aka buga dubban ɗaruruwa ana aika wa yara gida-gida. Saboda haka katin kansa ba shi da wuyar samu. Abin da ke da wuya shi ne wanda ya tsira lafiya: kusurwa ba ta lanƙwashe ba, gefen da aka huda bai yage a karkace ba, hoton ya zauna daidai a tsakiya, babu tabon maiƙo ko na laima. Akwai kamfanonin tantancewa, wanda ya fi suna shi ne PSA da ke Kalifoniya. Su duba kati da gilashin ƙara girma, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a roba mai lamba. Kati biyu na ɗan wasa ɗaya, daga fitowa ɗaya, ɗaya zai yi kuɗin shayi da burodi, ɗaya ya yi kuɗin mota. Kai da ido ba za ka bambance su a hoton waya ba.

Ka ga inda matsalar take? In gobe ɗan yayarka ya ce katin ɗan wasan golf Tiger Woods na Disambar 1996 ba ya cikin kayan, da me za ka musa? In ya ce yana ciki amma a lanƙwashe ya zo, da me za ka musa? Ban ce yaron ya ci amanarka ba, ban san shi ba, kuma mai yiwuwa ne dala 300 ɗin ita ce gaskiyar abin da ya samu. Amma ka jefa shi a halin da ko yana da gaskiya ba zai iya nuna ta ba, kai kuma zuciyarka ba za ta daina raya maka dala dubu ɗari ba. Wannan zalunci ne gare ku duka biyu.

Shekarun baya an kira ni sasanta wasu 'yan uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban yana Kano, ƙaramin yana Yamai. Babban ya tura turmin atamfa arba'in, ya haɗa mai tsada da ta kwaikwayo a dila ɗaya, bai rubuta nawa ce wace ba. Da kuɗi suka dawo, sai ya ce talatin ne masu tsada, ƙanen ya ce goma sha takwas ya ƙirga. Muka zauna a soron gidan mahaifiyarsu daga la'asar har bayan isha'i. Babban ya kawo littafinsa, na buɗe, abin da ke shafin kawai shi ne "atamfa 40, Yamai" da kwanan wata. Tsohuwar tana zaune a bayan labule, ina jin sautin carbinta. Ba mu iya raba gardamar ba, domin babu abin da za a raba ta da shi. An yi raba-daidai don a tashi, kowa ya tafi yana ganin an cuce shi, kuma shekara huɗu matansu ba su taka gidan juna ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba a ce ban da ɗan uwa ba.

Sai maganar Serena Williams, tunda ita ta hana ka barci. Gaskiya ne, a farkon 2022 an sayar da katinta na 1999 daga wannan mujalla a kan dala dubu 117. Kafin nan, a 2021, na 'yar ƙwallon Amurka Mia Hamm na 1992 mai maki 10 ya tashi sama da dala dubu 34. Amma ka duba shekarun. Lokacin korona ne, mutane na zaune a gida da kuɗi a hannu, kasuwar katuna ta haukace har PSA ta dakatar da karɓar yawancin kaya a 2021 saboda sun yi mata yawa. Daga baya farashi ya sauko sosai. Yaron shagonka ya nuna maka ranar da kasuwa ta fi kowace rana tsada, kai kuma ka ɗora lissafin kwalinka a kanta. Kallon kitse kake wa rogo. Mujallu 140, ko da a ce duk katunansu na nan, kati 1,260 ke nan, kuma mafi yawansu na 'yan wasan da ko a Amurka an manta da su, dala ɗaya ko biyu in ma an samu mai saye. Ka ƙara da cewa kayanka sun kwana a kwantena, sun sha laimar teku da ta tashar jirgin ruwa, sun zo sun sha zafi da ƙurar shago. Samun maki 9 ko 10 a irin wannan kaya sai an tona.

Ga lissafin da ya kamata ɗan yayarka ya turo maka tun watan farko. Tantance kati ɗaya zai ci wajen dala ashirin zuwa sama, kuma kuɗin na ƙaruwa in katin mai daraja ne. Akwai kuɗin aikawa da dawowa da inshora. eBay za ta cire wajen kashi 13 cikin ɗari na kuɗin sayarwa. Katin da ya dawo da maki 6 aka sayar dala arba'in, in ka cire waɗannan, abin da ya rage bai kai ladan wahalar watannin da aka yi ana jira ba. Miliyan huɗun da yake nema kuwa, zai je ya yi gogayya ne da mutanen da suka yi shekara ashirin suna wannan harka, suna gane na jabu da taɓawa, domin katin Tiger Woods ɗin nan an sha buga na bogi. Kai kana Kano ba ka gani, shi yana koyo da kuɗin filinka. Cinikin biri a sama ke nan.

Yau da daddare ka sauko da guda 80 da suka rage. Ka wanke hannu ka bushe shi, ka shimfiɗa farin ƙyalle. Kada ka yage kati ko ɗaya, ka bar takardar a manne yadda ta zo, domin yagewa da hannun da bai saba ba ita ke kashe kuɗin. Ka sayi sabon littafi, kowace mujalla layi ɗaya: wata da shekara, katunan na nan ko babu, sunayen mutum taran, da duk lahanin da ka gani. Ka ɗauki hoton bango da na katunan gaba da baya, ka sa lambar layin a ƙaramar takarda a gefen hoton. Sannan ka sa su a leda, a kwance, nesa da ƙasa saboda gara. In za ka duba farashi a eBay, ka sa yaron ya buɗe maka jerin waɗanda aka riga aka sayar, ka bar kallon abin da masu talla ke nema.

Sannan ka kira ɗan yayarka ta bidiyo, da sanyin murya, ba da tuhuma ba. Ka ce masa kuskuren naka ne, ba ka rubuta ba, kana so ku gyara tare. Ya ɗaga abin da ya rage a hannunsa ɗaya bayan ɗaya kana rubutawa. Ya turo maka shafin asusunsa na eBay da ke nuna abin da aka sayar, nawa, da abin da aka cire. In ya kai wasu tantancewa, kowane kati na da lambar da za ka iya dubawa da kanka a shafin kamfanin. Ku kuma yanke kasonsa a rubuce, kashi nawa ne, bayan cire wane kuɗi, ka sa yayarka ta zama shaida. Yaro mai gaskiya zai ji daɗin wannan, domin ka sauke masa nauyi. In ya fara cewa "haba Kawu, ba ka yarda da ni ba ne", to ka samu amsarka a kan miliyan huɗun.

Daga cikin 80 ɗin, in ka samu biyar da suka fi kyau masu sunan da aka sani, su kaɗai za ka aika, da jerinsu da hotunansu, ka ga abin da za su dawo da shi. Ka sake rubuto min bayan nan, ka haɗo da shafin littafin.