Ta ina zan fara kallon manyan zane-zanen duniya a waya?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce daga Anguwan Rogo a Jos. Ina son zane tun ina ƙarama amma irin su Mona Lisa a kalanda kawai nake ganinsu. Dan Allah akwai inda zan riƙa kallonsu a waya in kuma san tarihinsu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Akwai kam, kuma kyauta ne, data kawai zai ci.

Ki fara da Google Arts & Culture, shafin intanet ne na kallon zane-zane, tun 2011 aka buɗe shi. Ki nemo Starry Night na Van Gogh, wanda ya zana a 1889 lokacin yana jinya a asibitin masu taɓin hankali a Saint-Rémy can kudancin Faransa, sai ki sa yatsu biyu ki riƙa jawo hoton har tauraro ɗaya ya cika fuskar wayar. To a nan ne za ki ga abin da kalanda ba ta taɓa nuna miki ba, fentin ya yi kauri kamar yaɓen laka, sawun burushi layi-layi yana juyawa, shuɗi ga fari ga rawaya kusa da kusa ba a gama gauraya su ba, wani wajen ma har zaren ƙyallen yana leƙowa. Wallahi ranar da na fara ganin wannan na fi awa ɗaya a kai, na ga hannun mutumin yana aiki.

Gidan tarihin Rijksmuseum na Amsterdam sun saka hoton Night Watch na Rembrandt (1642) a 2022 mai gigapiksel 717, wato ɗigon hoto biliyan 717, har tsagewar fenti ana gani. Gidan tarihin Louvre na Faransa kuwa a 2021 suka zuba kayansu sama da 480,000 a shafinsu, Mona Lisar taki na ciki. Tarihi kuma ki je shafin Smarthistory, gajerun bidiyo ne mutum biyu na hira a gaban zanen, da Turanci ne amma mai sauƙi.

Sai dai fa waya tana ruɗi wajen girma, komai daidai tafin hannu take nuna shi. Mona Lisa santimita 77 ne da 53 kuma a kan katako Leonardo da Vinci ya yi ta, shi kuwa Night Watch faɗinsa ya haura mita 4. Ni kullum ina sa ɗalibaina su karanta awon sannan su ɗauko tef ɗin tela da alli su shata shi a bango. Kuma ki guji hotunan da ke yawo a Facebook da WhatsApp, yawanci an ɓata musu kala.

Kar ki yi ta wucewa da yatsa ki kalli ɗari a dare ɗaya. Zane ɗaya a sati ya isa, ki kwafe shi da fensir.

Namu na gida ma ki neme su, Ben Enwonwu da zanensa Tutu da aka sayar fam miliyan 1.2 a Landan a 2018, da su Uche Okeke, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya na ƙungiyar masu zane ta Zariya da aka kafa a 1958. Ke da kike Jos ma ai kin dace, gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952 yana nan kusa da gidan zu, da kawunan mutum-mutumin laka na tsoffin mutanen Nok da suka haura shekara 2,000. Ki shiga keke ki je da littafin zanenki, ki duba yadda aka huda idanunsu.