Shin Gidan Katako Yana Buƙatar Harsashin Kankare?

Tambaya: Ina shirin gina ɗaki biyu na katako a gonata. Kafintana ya ce tunda katako ba shi da nauyi, a binne ginshiƙan a ƙasa kawai, a shafa musu baƙin mai. Shin hakan ya isa?

Amsa: Malam, hakan bai isa ba. Gaskiya ne katako bai kai bulo nauyi ba, amma aikin harsashi a irin wannan gini ba ɗaukar nauyi kaɗai ba ne. Shi ne yake raba katako da ƙasa, kuma shi ne yake riƙe ginin idan iskar farkon damina ta taso, domin gini marar nauyi ya fi saurin ɗagawa.

A fara da kwashe ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi har a tarar da ƙasa mai tsauri, a tumɓuke duk wani kututture, domin abincin gara ne. Idan wurin laka ce mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, kada a yi haƙa da ka, a nemi injiniya ya duba. Bayan haka a zuba kankare a ƙarƙashin kowane ginshiƙi, kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, tare da sanin cewa sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi.

Inda aka fi yin sakaci shi ne mahaɗar kankare da katako. Kankaren ya fi ƙasar wurin tudu da aƙalla santimita 15, idan kuma daɓen ɗakin na katako ne, a bar santimita 45 a ƙarƙashinsa don iska ta ratsa, mutum kuma ya iya leƙawa. Tun kankare yana ɗanye ake dasa ƙusoshin ƙarfe masu noti, kaurin milimita 12, waɗanda za a ɗaure katakon ƙasa da su. Kankare yana jan laima, saboda haka sai a shimfiɗa leda mai kauri ko takardar kwalta a tsakani, a kuma ɗora faifan kwano mai lanƙwasasshen baki. Kwanon ba ya kashe gara, tilasta mata yake yi ta gina hanyarta ta ƙasa a sarari inda ido zai gani.

Baƙin mai kuwa a saman katako yake tsayawa, ba ya ratsa cikinsa, ga shi yana gurɓata ƙasar gona. Gwamma a sayi maganin katako na ainihi, a shafa shi musamman a bakin da zarto ya yanka. Kafin kafinta ya fara nasa aikin, a cire katakan da aka yi wa kankare akwati da su gaba ɗaya, kada a bar ko guntu a rami.