Icce tun yana ɗanye: amsa ga wata malama a Unguwar Rogo

Wata malamar firamare daga Unguwar Rogo, nan cikin Jos, ta aiko da tambaya. Ta ce: "Allah gafarta Malam, iyaye kan kawo mini yaro su ce in ba shi kashi, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'anar karin maganar ke nan?"

Malama, Allah ya saka da alheri. Mu tsaya kan kalmar tanƙwara, don a nan aka yi wa karin maganar gurguwar fahimta. Tanƙwara ita ce lanƙwasa abu ya bi siffar da ake so, yana nan lafiyarsa ƙalau. Ki lura da mai ɗaura tankar ɗaki, ko mai saƙar kwando. A hankali yake bin tsumagiya, yana jin ta a hannu, ya san inda za ta miƙa wuya da inda za ta tsage. Ɗanyen ma in aka fizge shi da ƙarfi karyewa yake, sai a jefar. Abin da magabata ke nufi shi ne lokaci: a kama gyaran yaro tun yana ƙarami. Ba su ambaci bulala ba, mu muka cusa ta.

Haka kalmar horo ta sha wahala a bakinmu. Yau in aka ce an hori yaro, duka ke zuwa a ran mutane, alhali daga tushen nan muke cewa an horar da malamai a kwaleji, kuma babu wanda ya taɓa su. Tarbiyya kuwa daga Larabci muka aro ta, asalinta na nufin rainon abu har ya girma. Mai raino ya san kukan yunwa, ya san na rigima.

Kin fi ni sanin sanyin Jos a Disamba da Janairu. Yaro ya iso a makare, ba rigar sanyi, yatsunsa sun ƙage har fensir ya gagare shi. Ni a ganina, malamar da ta fara tambayarsa ko ya karya kumallo ita ce ta aikata abin da karin maganar ke cewa. Yaron da ke tsoron malaminsa ba ya tambaya, ga shi kuwa mun ce tambaya rabin ilimi. Ina jin ciwon wannan ƙwarai, domin na ga yara masu kaifin basira sun koma kurame a aji saboda tsawa.

Wani ɗalibin Jami'ar Jos kuma ya tambayi bambancin ɗalibi da almajiri. Duka biyun aro ne daga Larabci. Ɗalibi mai nema ne. Almajiri daga almuhajir yake, wanda ya bar gida don neman karatu, kuma babu bara a cikin asalin kalmar. Shi ya sa za ka ji babban malami, da furfurarsa, yana cewa "ni almajirin Malam wane ne", yana faɗa da alfahari. Yana nufin ya zauna gabansa shekaru, ya ci tuwon gidansa, har yau kuma yana zuwa gaishe da iyalinsa ranar Sallah.