Amsa kan furotin mai ɗaukar bitamin D a jikin fararen ƙwayoyin jini

Tambayarki ita ce ko fararen ƙwayoyin jini ne ke samar da furotin ɗin da ke ɗaukar bitamin D, tunda ana samunsa a jikinsu, da kuma ko ƙara shan bitamin ɗin zai ƙarfafa garkuwar jiki.

Hanta ce ke samar da mafi yawan wannan furotin, wanda aka gano a shekarar 1959, kuma shi ne ke riƙe da kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na bitamin D da ke yawo a jini. Daga cikin jinin yake mannewa a jikin fararen ƙwayoyin, inda yake taimaka wa nau'in da ake kira nutrofil wajen garzayawa wurin da kumburi ya tashi. Yana kuma kwashe furotin aktin da matattun ƙwayoyi ke zubarwa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, idan ya riƙe bitamin ɗin sosai, kaɗan ne ke shiga cikin waɗannan ƙwayoyi.

Wani kuskure da ake yi shi ne fassara sakamakon gwajin bitamin D na jini ba tare da duba yanayin mutum ba, domin furotin ɗin yana ƙaruwa lokacin juna biyu, yana kuma raguwa a ciwon hanta da wasu cututtukan ƙoda. Yawan shan bitamin D kuwa yana iya tara sinadarin kalsiyam a jini, saboda haka ki kai wa likita sakamakonki kafin ki ƙara adadin da kike sha.