Amsa ga mai tambaya kan katin APEC na 'yan kasuwa

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ce ka samu fasfon Ostareliya bana, kana yawan zuwa Guangzhou da Jakarta sayen kaya, kana tambaya ko katin APEC, wanda ke ba ɗan kasuwa damar shiga ƙasashen ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arzikin Asiya da Fasifik ba tare da neman biza kowace tafiya ba, ya cancanci wahalar nema. Ya cancanta. Ni da shi nake tafiya, bari in faɗa maka abin da na gani.

Kafin nan, ga 'yan'uwa da ke cikin wannan zaure masu fasfon Najeriya ko Nijar kaɗai: katin nan fasfo yake bi, ba wurin zama ba, in ban da Hong Kong da ke ba masu shaidar zaman dindindin a can. Mambobin APEC 21 ne, duk na yankin tekun Fasifik, babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Ko shekara goma ka yi a Kuala Lumpur da takardar zama, ba za a ba ka ba. Duk ejan ɗin da ya ce ka kawo kuɗi zai fitar maka, cutarka zai yi, kuma abin yana yi mini ciwo don dukiyar mutane ce ke salwanta.

Kai kuwa ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Ostareliya za ka nema, a intanet. Za su so shaidar cewa kamfaninka na cinikayya da ƙasashen waje, kana yawan tafiya saboda shi, kuma ba a taɓa yanke maka hukunci kan wani laifi ba. Ka tara rasitai da takardun shigo da kaya tun yanzu.

Inda ake bukatar haƙuri shi ne bayan sun amince. Sunanka za a tura wa sauran ƙasashen, kowace ta tantance ka da kanta, ta sa hannu lokacin da ta ga dama. Wasu cikin makonni, wasu sai an yi watanni. Ni wata ƙasa da na fi bukata ita ce ta zo ƙarshe, dole na nemi biza ta al'ada don tafiyar da ta riga ta matso. Saboda haka a fom ɗin ka sa Sin da Indonesiya cikin waɗanda kake so a fara da su, kuma kada ka yanki tikiti sai ka ga sunan ƙasar ya fito a katinka.

Idan ya kammala, shekara 5 ke nan ba ruwanka da layin ofishin jakadanci. Ƙasashe 19 ne cikakkun mambobin tsarin katin, galibi suna ba da kwana 60 ko 90 a kowace shiga, ga layi na musamman a filin jirgi. Amurka da Kanada dai layin kawai suke bayarwa, takardun shiga sai ka nema daban. Kuma katin na ganawa da abokan ciniki ne da halartar baje koli, ba na kama aikin albashi ba.

Abu guda da ya taɓa tsayar da ni: katin a ɗaure yake da lambar fasfo. Na sabunta fasfo, ban sanar ba, jami'i ya ga lambobin sun saɓa, na yi awa biyu a gefe kafin a warware. Tun 2021 akwai katin a manhajar waya, gyaran ya fi sauƙi, amma ka sanar da su ranar da sabon fasfo ya shigo hannunka. Allah ya ba da sa'a, Alhaji.