Fatawa: Ba da zakka kafin ta cika shekara saboda ambaliya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Yamai, ina sarin shinkafa da mai. Ruwan bana ya ci gidaje a unguwarmu ta Harobanda, ya kuma ci na danginmu a wani ƙauye na jihar Tahoua. Zakkata sai azumi take cika shekara, saura kusan wata shida. Zan iya fitar da ita yanzu? Akwai abokin cinikina da ruwa ya tafi da kayan shagonsa, ina bin sa jikka ɗari huɗu, ko in yafe masa in lissafa cikin zakkar? Matasan unguwa kuma suna tara kuɗin gyaran masallaci da shingen bakin kogi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Alhaji, wanda ruwa ya cinye dukiyarsa zakka ta halatta gare shi, ko da jiya shi ne mai fitarwa. Muslim ya ruwaito daga Ƙabisa ɗan Mukhariƙ cewa Annabi (SAW) ya halatta roƙo ga mutum uku, cikinsu har da wanda annoba ta afka wa dukiyarsa ta share ta, har sai ya samu abin da zai tsayu da ƙafarsa. Hadisin ya ambaci shaidu uku ga mai da'awar talauci, bai ambace su ga mai annoba ba, don ruwa ba ya ɓarna a ɓoye. Sai dai a duba halin mutum na yau: wanda katangarsa ta faɗi amma yana da kuɗi a banki ko gidan haya a tudu, ba ya ciki. Malamanmu sun yarda a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara, ko da ya wuce nisabi. Don haka tsayar da gida biyu ko uku ya fi a watsa ƴan canji ga mutum ɗari.

Gaggauta zakka akwai saɓani. A mazhabarmu ta Malikiyya zakka ibada ce mai lokaci kamar salla, shi ya sa Shehu Halilu a Mukhtasar ya yarda ne kawai da gabatar da ta kuɗi da ta dabbobi da kamar wata ɗaya. Wata shida ya wuce wannan. Amma Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad sun halatta, matuƙar nisabi na hannu, hujjarsu kuwa hadisin Aliyu (RA) da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa Abbas ya nemi izinin ba da zakkarsa kafin lokacinta, Annabi (SAW) ya ba shi. Abin da nake gani shi ne, in kana da halin taimaka musu yanzu da sadaka, zakkar ta jira lokacinta, ka fita daga saɓani. In jarinka ba zai ɗauki biyun ba, ka bi maganar jamhuru, wato mafi yawan malamai da suka halatta, hujjarsu tana da ƙarfi, kuma wanda ke kwana a ajin makaranta da iyalinsa ba zai jira azumi ba. A 2024, lokacin da ruwa ya hallaka mutum sama da 300 ya shafi fiye da miliyan ɗaya a Nijar, sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ka yi niyyar zakka yayin bayarwa, ka rubuta, azumi na zuwa ka sake lissafi ka cika ragowar. Kuɗi za ka ba su, kada ka kwashe buhunan da suka ƙi sayuwa ka kira su zakka.

Aikawa Tahoua: asali a raba zakka inda ta wajaba, ko abin da bai kai tafiyar ƙasaru ba. In na nesa sun fi buƙata, sai a kai musu mafi yawa. Kai ka san gidajen biyu, ka auna. Dangin da ciyar da su bai hau kanka ba sun fi cancanta, amma ban da iyaye da mata da ƙananan ƴaƴa.

Bashin nan kuwa, a'a. Lissafa bashin da ke kan wanda ya karye a matsayin zakka bai isar ba, domin kuɗin da ka riga ka fid da rai da su ne kake son ka kare dukiyarka da su. Aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta wa mai ƙunci har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi. Kana iya ba shi zakka a hannunsa a matsayin wanda bashi ya yi wa nauyi, ba tare da sharaɗi ko haɗa baki cewa zai mayar maka ba. In ya sayi kwano ya rufe ɗakin ƴaƴansa da ita, hakkinsa ne.

Masallaci da shinge ba sa cikin kaso takwas na aya ta 60 a Tauba, kuma mazhabobin huɗu sun tafi a kan haka. Halilu ya hana ko gina ganuwar gari da zakka. Ba raina aikin nake ba. Mutanen unguwannin Lamorde da Kirkisoye na Yamai sun ga abin da fashewar shinge ta yi a 2020, lokacin da kogin Isa ya kai kusan santimita 700 a ma'aunin Yamai.  Wannan aiki na hukuma ne da aikin gayya da sadaka mai gudana, ka sa musu daga aljihunka. Daga nan ne kuma za ka taimaki maƙwabcin da ba Musulmi ba, shi ma yana da hakkin maƙwabtaka.

Wallahu a'alam.